Ina ya kamata in girka na'urorin sa ido a gajimarenmu na cikin gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ma'aikatarmu ta kafa gajimarenta na kanta da OpenStack, saba shida ne ke ɗauke da kwamfutocin sassa daban-daban. An ɗora min aikin girka abin da zai riƙa lura da zirga-zirgar netwok. Na buɗe madubi, wato kafar da ke kwafo zirga-zirgar sauran kafofi, a babban suwic, na tura kwafin zuwa wata kwamfuta da na ƙirƙira a cikin gajimaren, na sa mata Suricata, manhajar gano kutse. Yau kwana goma ke nan kusan ba ta ganin komai, ɗan abin da na kama da tcpdump, manhajar kama fakiti, a kan wayar kuma duk UDP ne zuwa ƙofa 4789. Ina na kuskure, kuma ta ina zan faro?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, madubinka yana aiki, Suricata ma lafiyarta ƙalau. Inda ka ajiye su ne matsalar. Ka ɗauki gajimaren nan kamar babban gidan haya. Ka zaunar da mai gadi a zaure, shi kuwa mai gadin zaure mai shiga da mai fita kaɗai yake gani, abin da 'yan haya ke miƙa wa juna a tsakar gida bai san da shi ba. A da, lokacin da kowace manhaja ke da sabarta ta ƙarfe, duk maganar da za ta shiga tsakanin saba biyu sai ta bi waya ta ratsa suwic, don haka madubi ɗaya ya wadatar. Yanzu fasalin gidan ya sauya.

Kowace saba cikin shidan nan mai masauki ce, kwamfutocin da ke zaune a kanta kuma baƙinta ne. A cikin kowace mai masauki akwai suwic na manhaja, Open vSwitch, kuma gadar da baƙi ke liƙe da ita sunanta br-int. Idan baƙi biyu na netwok ɗaya suna kan mai masauki ɗaya, a ce manhajar biyan albashi da rumbun bayananta, hirarsu a br-int take farawa, a nan take ƙarewa, ko bait ɗaya ba ya taɓa waya. Idan masu masaukinsu daban ne, fakitin yana fita, amma a naɗe cikin ambulan. Ambulan ɗin shi ne VXLAN, yana tafiya a kan UDP zuwa ƙofa 4789, abin da ka gani ke nan. A bayansa adireshin saba mai aikawa da na saba mai karɓa ne kawai, ainihin masu maganar suna ciki. Da OVN, wani tsarin haɗa netwok ɗin gajimare, kuke amfani da shi, da ambulan Geneve za ka gani a ƙofa 6081, kuma labarin bai canza ba.

Akwai dalili na biyu da ya sa baƙuwar da ka sa wa Suricata take zaune a makance. Neutron, sashen OpenStack mai kula da netwok, yana sa wa kafar kowace baƙuwa tsaro wanda ke zubar da fakitin da ba nata ba, domin kada wani ɗan haya ya saurari wani. Kwafin madubi kuwa ba ɗaya da ke ɗauke da adireshinta. Ko ka kashe wannan tsaron, gadar da kanta tana koyon adireshin MAC, wato lambar katin netwok, ta ga ai duk waɗannan adireshi daga kafar waje suke zuwa, sai ta daina miƙa su ciki. Shi ya sa ba na son a shigo da kwafin madubi ta hanyar da baƙi ke bi.

Kafin ka girka komai, ka zauna da wanda ya ba ka aikin ka tambaye shi amsar wace tambaya yake nema. Mai son sanin wace waya ce ta cika, da mai son sanin wa ke cinye intanet ɗin da ake biya da tsada duk wata, da mai son sanin ko ɓarawo ya shigo, ba kaya ɗaya za ka haɗa musu ba, kuma tazarar kuɗin tana da yawa.

Na farkon ba wuya. LibreNMS ko Zabbix su riƙa tambayar suwic da rauta ta SNMP, Prometheus ya riƙa ɗebo ƙididdiga daga node_exporter a kowace mai masauki, Grafana ya zana maka. Aikin yini ɗaya ne. Abu biyu kawai zan ja kunnenka a kai. Ka yi amfani da SNMP na uku, domin na biyu kalmar sirrinsa a fili take tafiya. Sannan ka tabbata ma'aunin 64-bit ake karantawa, wato ifHCInOctets. Tsohon ma'aunin 32-bit yana cika ya koma sifiri cikin daƙiƙa 34 a kan waya mai gigabit 1 idan ta cika, a mai gigabit 10 kuwa ko daƙiƙa 4 ba ya kaiwa, sai ka ga zane yana nuna maka abin da bai faru ba.

Inda nake so ka zuba ƙarfinka a makonnin farko shi ne bayanan kwarara, wato taƙaitaccen rahoton wa ya yi magana da wa, ta wace ƙofa, bait nawa, na tsawon wane lokaci. Wannan shi ne ido mafi arha da za ka sa a tsakar gida, kuma ba sai ka sayi komai ba, domin Open vSwitch da kansa yana iya fitar da sFlow da IPFIX da NetFlow. Da umarnin ovs-vsctl guda ɗaya a kowace mai masauki za ka ce wa br-int ta riƙa aika rahoto zuwa matattara. sFlow ƙofa 6343 yake bi, IPFIX 4739, NetFlow kuma an saba sa shi a 2055. Matattarar na iya zama pmacct, ko GoFlow2, ko Akvorado mai ajiye bayanansa a ClickHouse, ko ntopng idan kana son allon da shugabanka zai fahimta da kallo ɗaya. Kada ka yi wannan saitin da hannu saba bayan saba. Ka sa shi cikin Ansible ko duk abin da kuke girka sabobin da shi, in ba haka ba ran da aka ƙaro saba ta bakwai za ta shigo ba ido a kanta, kuma ba wanda zai lura sai ran da aka neme ta.

sFlow samfur yake ɗauka, fakiti ɗaya cikin adadin da ka faɗa masa. Ma'aunin da aka saba farawa da shi shi ne ɗaya cikin 1000 ga waya mai gigabit 1, ɗaya cikin 10,000 ga mai gigabit 10. Ka san iyakarsa tun yanzu. Lissafin kuskurensa ya dogara da yawan samfurin da aka tara: samfur 10,000 na wata zirga-zirga zai ba ka kuskuren kusan kashi 2 cikin ɗari, samfur 100 kuwa kusan kashi 20. Don haka yana da kyau ƙwarai wajen kama wanda ke kwasar gigabait ɗari da tsakar dare, amma baƙuwar da aka kutsa wa, wadda ke aika ɗan ƙaramin saƙo ga ubangidanta sau ɗaya a awa, tana iya yin sati ba ta faɗa cikin samfur ba. Kuma idan za ka kunna shi a suwic na ƙarfe, ka duba tsawon kan fakitin da yake yankowa. Bait 128 ne na asali. Ambulan VXLAN ya ci 50, kan fakitin ciki na IPv4 da TCP ya ci 54, ya shiga da ɗan saura. Da IPv6 ne a ciki kuma Geneve ne a waje, sai ka ga an yanke ƙarshen kan TCP. Ni 256 nake sawa.

Ga wasu ramuka uku da kusan kowa ke faɗawa a wannan mataki. Fakitin da ya tashi daga saba ta ɗaya zuwa ta huɗu, br-int ta ɗaya ta ƙirga shi, suwic ya ƙirga, br-int ta huɗu ma ta ƙirga. In ka tara duka a allo ɗaya za ka kai wa shugabanka rahoton ninki uku na gaskiya, don haka ka riƙa ware rahoto bisa wanda ya aiko shi. Sai adireshi. Sashen kuɗi da sashen ma'aikata duka suna iya amfani da 10.0.0.5, kowa a netwok ɗinsa, ba laifi a tsarin gajimare. Abin da ke bambanta su shi ne lambar VNI mai bit 24 da ke jikin ambulan. Lambar VLAN da za ka gani a br-int ta cikin gida ce, kowace mai masauki da nata lissafin, netwok ɗin da yake lamba 5 a nan yana iya zama 12 a maƙwabciyarta. Dole ka riƙa jawo jerin kafofi daga Neutron lokaci-lokaci, kana liƙa wa kowane rahoto sunan baƙuwa da na sashenta, kuma kana ajiye tsofaffin jerin, domin adireshin da ke hannun wannan yau gobe yana hannun wani. Na ukun ya shafi rautar da ke bakin intanet ɗinku. Tsohon saitin NetFlow na Cisco sai doguwar kwarara ta yi minti 30 kafin ya ba da rahotonta, sai zane ya nuna shiru na rabin awa sannan tsauni guda. Ka mayar da shi daƙiƙa 60.

To, sai maganar kama fakiti gaba ɗaya, wadda ita ce ka faro da ita. Ka fara da lissafi kafin sha'awa. Waya mai gigabit 1 idan ta cika tana zubo megabait 125 kowace daƙiƙa, terabait 10.8 ke nan a yini. Mai gigabit 10, terabait 108. Kuma waya tana da zuwa da dawowa, in ka kwafi duka ɓangarorin kafa mai gigabit 10 zuwa kafar madubi mai gigabit 10, kana ƙoƙarin juye tulu biyu cikin tulu ɗaya ne, abin da ya zube kuma suwic ba zai yi maka ihu a kai ba. Idan gajimarenku Ceph ne ma'ajiyarsa, kaso mai tsoka na abin da ke yawo a wayoyinku kwafe-kwafen faifai ne tsakanin sabobi, daga ƙofa 6800 zuwa sama. Ba abin da Suricata za ta ƙaru da shi a ciki, furosesa kawai zai ƙone. Ka tace shi tun daga madubin.

Abin da nake yi shi ne madubi a wurare kaɗan da aka zaɓa. Wuri na farko bakin fita, inda gajimare ke haɗuwa da intanet da sauran netwok ɗin ma'aikata. A nan madubin suwic ɗinka yana da amfani, ko mafi kyau ka sa mararrabar haske a kan wayar faiba, wadda ba ta cin wuta kuma ba ta zubar da fakiti don aiki ya yi mata yawa. Ka lura ta wane ɓangaren rautar Neutron kake kallo. A waje, adireshin shawagi, wato na waje da ake ara wa baƙuwa, ko na rautar kawai za ka gani, baƙi hamsin na iya fita da fuska ɗaya, sai ka koma bayanan kwarara na br-int kafin ka gane wace ce. Wuri na biyu shi ne 'yan baƙin da in aka taɓa su ma'aikata ta shiga uku: rumbun bayanai, sabar tantance masu shiga, sabar DNS. Su kaɗai za ka kwafa daga Open vSwitch, ko da Tap-as-a-Service na Neutron, ko da madubin OVS da ke tura kwafi ta ramin GRE ko ERSPAN zuwa na'urar sa ido. In da hannu ka saita madubin, ka tuna an ɗaure shi ne da kafar tap ta baƙuwar a waccan saba. Ran da aka yi wa baƙuwar ƙaura zuwa wata mai masauki, madubin ba ya bin ta.

Girman fakiti ma yana cizo a nan. Saboda bait 50 na VXLAN, Neutron kan ba baƙi MTU, wato iyakar girman fakiti, 1450 a kan waya mai 1500, da Geneve kuma 1442. Kwafin da ka sake naɗewa cikin GRE ya ƙara ƙiba. Ka ba netwok ɗin sa ido MTU 9000 tun daga kafar saba har kafar na'urar, in ba haka ba ƙananan fakiti za su iso, manyan da ke ɗauke da ainihin kayan su ɓace a hanya. Haka kuma kada kafar da kwafin ke fita ta cikinta ta kasance cikin waɗanda ake kwafa. Madubi ya kalli madubi, kwafi ya haifi kwafi, cikin daƙiƙu wayar ta toshe.

Na'urar sa idon kanta, ina roƙonka, ka fitar da ita daga cikin gajimaren. Wannan ba daga littafi na koye shi ba. A wata ma'aikata da na taɓa yi wa aiki, mun sa matattarar kwarara da allon zane duka a matsayin baƙi, faifansu a kan Ceph ɗin da kowa ke amfani da shi. Wata rana faifai ya mutu, Ceph ya shiga sake rarraba kwafi, netwok ɗin ma'ajiya ya cunkushe, baƙi suka fara sandarewa. Muka buɗe allon da zai nuna mana abin da ke faruwa, shi ma ya sandare tare da su. Awannin da muka fi bukatar bayanai su ne awannin da ba a rubuta komai ba. Tun daga ranar, saba ta ƙarfe nake warewa, da faifanta na kanta, da katin netwok biyu: ɗaya na gudanarwa mai adireshi, ɗaya na sauraro wanda ba shi da adireshi ko kaɗan. Ko tsohuwar saba ce da aka yi ritayarta, ta fi sabuwar baƙuwa amfani a wannan aiki. Kuma a yanayin wutarmu, ka jona ta a UPS ɗin da ya fi daɗewa. Lokacin da ake sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta ne abubuwa suka fi lalacewa, kuma rahoton kwarara UDP ne, wanda aka aiko matattara tana kashe ya tafi ke nan. Ko bayan ta tashi, NetFlow na tara da IPFIX ba sa karantuwa sai ƙwaryar bayaninsu, wato saƙon da ke fayyace tsarin rahoton, ta sake isowa, don haka ka gajarta tazarar aiko ta.

A kan sabar, ka haɗa Zeek da Suricata, kada ka zaɓi ɗaya. Suricata, wadda gidauniyar OISF ta fitar a 2010, tana kwatanta abin da ta gani da alamomin harin da aka sani, ta buga ƙararrawa. Zeek, wanda Vern Paxson ya fara a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka da sunan Bro kafin a sauya sunan a 2018, shi rajista yake rubutawa: kowace haɗuwa a conn.log, kowace tambayar suna a dns.log, kowace gaisuwar TLS, tsarin kulle saƙo, a ssl.log. Ran da abu ya faru, wannan rajistar ce ke ba da labarin makonnin da suka wuce, kuma wurin da take ci kaɗan ne in aka gwada da ajiye fakitin kansa. Dukansu suna iya buɗe ambulan VXLAN. Idan kana son su a haɗe ba tare da wahalar girka kowanne ba, Security Onion ya ƙunshe su. Ka gyara HOME_NET na Suricata ya ƙunshi adireshin baƙi na ciki, domin yawancin dokokinta sun dogara da sanin ina ne gida ina ne waje. A katin sauraro ka kashe GRO da LRO da ethtool, saboda suna manne fakiti da yawa su zama ƙato ɗaya wanda bai taɓa bi ta waya ba.

Kada ka yi wa shugabanka alƙawarin ganin cikin kowane saƙo. Yawancin zirga-zirgar yau a kulle take, kuma tun TLS 1.3 na 2018 har takardar shaidar saba a ɓoye take tafiya. Abin da ya rage maka shi ne sunan shafin da aka nema, da girman abin da aka aika, da lokacinsa, da tambayoyin DNS. Wannan ma ya isa kama ɓarna mai yawa, kuma shi ne ya sa Arkime, manhajar adana fakiti, da ajiye cikakken fakiti na bar su zuwa ƙarshe, ga 'yan baƙi kaɗan, na 'yan kwanaki.

Agogo: chrony a kowace saba, NTP a kowane suwic, duka daga tushe ɗaya, rajista kuma a UTC. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban UTC da awa ɗaya, na sha ganin an ɗora wa baƙuwar da ba ruwanta laifi saboda wata na'ura tana rubutu da lokacin gida, wata da UTC.

Akwai amana a wannan aiki, kuma ina so ka ɗauke ta da nauyinta. Rajistar DNS tana nuna abin da ma'aikaci ya nema ƙarfe biyun dare, na lafiyarsa ko na iyalinsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta shafi irin waɗannan bayanai. Ka nemi izini a rubuce daga shugabanni kan abin da za a tattara da kwana nawa za a ajiye, a sanar da ma'aikata, a taƙaita masu buɗe allon, kuma a riƙa rubuta wa ya duba me. Sabar sa ido tana ganin kowa, don haka ita ce ɓarawo zai fi so. Kada ƙofar gudanar da ita ta kalli intanet ko netwok ɗin baƙi.

Bayan ka girka, kada ka ɗauki shiru a matsayin lafiya, ka riga ka ga yadda kwana goma na shiru suke. Ka ƙirƙiri baƙi biyu na gwaji a saba ɗaya, ka tura gigabait 5 tsakaninsu da iperf3, ka je ka nemo su a matattara, ka ga ko adadin ya yi kusa. Ka mayar da ɗaya wata saba ka maimaita, sannan ka maimaita zuwa waje. Ka duba capture.kernel_drops a stats.log na Suricata da capture_loss.log na Zeek, ka sa ƙararrawa a kansu, ka kuma sa wata da za ta buga idan wata mai masauki ta yi minti biyar ba ta aiko rahoto ba. Ka tambayi abokan aikinka ko akwai baƙuwar da aka ba SR-IOV don neman sauri. Irin wannan kai tsaye take magana da katin netwok, ba ta bi ta Open vSwitch, duk abin da ka saita a br-int ba ya ganin ta, sai dai ka kama ta a suwic na ƙarfe.

Ka aiko min da abin da ovs-vsctl show ya nuna a saba ɗaya, da samfurin suwic ɗinku, da saurin wayar da ke fita intanet, ka goge adireshin waje kafin ka turo. Da su zan faɗa maka adadin samfurin da ya dace da ku, da kafar da za ka mayar da madubin nan. Allah ya taimaka.